Yadda aka gano masu tsara jikin ɗan tayi

A farkon shekarun 1920, a jami'ar Freiburg da ke Jamus, wata ɗaliba mai suna Hilde Mangold ta duƙufa kan ƙwan wata halittar ruwa mai kama da ƙadangare. Kayan aikinta allurar gilashi ce da zargen gashi. Takan yanko ɗan ƙanƙanin nama daga bayan tayi guda, ta dasa shi a gefen cikin wani tayin. Yawancinsu mutuwa suke yi. Amma a 'yan kaɗan da suka rayu sai ga jiki na biyu ya fito, da lakarsa da tsokarsa, manne da na farko. Da yake ta haɗa jinsi mai fari da mai duhu, an gane cewa mafi yawan sabon jikin daga naman mai masauki ya ginu. Ashe baƙon naman umarni ya bayar. Ita da malaminta Hans Spemann suka buga sakamakon a 1924, shekarar da risho ya fashe ya yi ajalinta tana da shekara 25. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935.

Daga nan aka bazama neman sinadarin da ke ɗauke da umarnin, aka sha wahalar banza. An dafa naman, an kashe shi, duk da haka yana sa laka ta fito. Har wani shuɗin rini ya yi wannan aiki. Da yawa suka haƙura.

Haske ya ɓullo ta wata kafa. A 1961 François Jacob da Jacques Monod a Faris suka nuna, a jikin bakteriya, cewa ƙwayar gado na iya kunna wata ko ta kashe ta. A 1969 Roy Britten da Eric Davidson a Amurka suka ce haka manyan halittu ke ginuwa: ƙwayoyin gado saƙe suke da juna, ɗaya na tada wasu, su ma su tada na gaba. Lokacin babu kayan aikin tabbatar da zancen.

Sai a shekarun 1990, da ƙwan kwaɗon Afirka mai suna Xenopus, aka fara kama ƙwayoyin gadon da ke bayan umarnin ɗaya bayan ɗaya: goosecoid a 1991, noggin a 1992, chordin a 1994. Abin da aka tarar ya juya tunanin shekara 70. Noggin da chordin ba sa cewa a zama laka. Damƙe wani furotin suke yi, BMP4, wanda ke tura nama ya zama fata. Inda aka ɗaure BMP4, can ƙwaƙwalwa da laka ke fitowa. A ganina wannan ne ya fi komai daɗi a labarin: shugaban da aka daɗe ana nema, toshe bakin wani ne aikinsa.

Shi kansa wannan wuri na bayan tayi mai ba da umarni yana da masu naɗa shi. Tun ƙwan na cikin uwa aka ajiye saƙon VegT a ƙasansa. Da maniyyi ya shiga, ɓawon ƙwan ya ɗan juya, furotin beta-catenin ya taru a gefe guda. VegT ya kunna Nodal da Sox17, masu fitar da naman hanji da na tsoka. Beta-catenin ya kunna Siamois. Inda saƙonnin biyu suka haɗu nan goosecoid da chordin ke tashi. A 2004 Matthew Loose da Roger Patient suka zana taswirar wannan saƙa ta kwaɗo.

Kwaɗon farko da aka karanta ɗaukacin ƙwayoyin gadonsa, aka buga a 2010, Xenopus tropicalis ne na Afirka ta Yamma, kuma zuriyar da aka yi aikin da ita daga Nijeriya aka ɗauko kakanninta.