Daga kulob ɗin rediyo zuwa katin waya a ƙasar Maraɗi

A shekarar 2003 kamfanonin Sony da Intel da takwarorinsu suka kafa ƙawancen da daga baya aka kira DLNA, domin talabijin da kwamfuta da wayar gida ɗaya su riƙa miƙa wa juna hoto da sauti. Tsarin ya dogara da lantarki dare da rana, abin da galibin ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji ba su samu ba. A nan mutane ne suka zama igiyar da ke haɗa na'urori.

Al'adar ta girmi salula. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar: akwati ɗaya, jama'a kewaye da shi, a saurara, a yi muhawara, jagora kuma, sau da yawa malamin makaranta, ya naɗi muryoyin manoma ya aika Yamai. Kaset ya biyo baya. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, finafinan Kano suka riƙa shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, ana kallonsu da janareto.

Da salula ta yaɗu bayan 2001, Bluetooth da katin memori suka gaji aikin. Ranar kasuwa mai cajin waya yakan tura wa mutum wa'azi da waƙa da fim. A dandali kuwa waya ta ba waya kyauta.

Sai dai kaset yakan zo da sunan mawaƙi a bangonsa. Waƙar da ta ratsa waya goma takan iso ba suna, ba gari, ba shekara, kuma malamin da ke son koyar da ita a aji ya rasa wanda zai danganta ta gare shi.