GUZURIN MAI YAWON DUNIYA: YADDA IBN BATUTA YA SHEKARA 29 A KAN HANYA

TAMBAYA: Takardar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga wajen Maigatari. Ya ce tun yana yaro yakan ga samarin Turawa da ƙatuwar jaka goye a baya suna wucewa ta bakin iyaka, aka ce masa yawon duniya suke yi, wani sai ya shekara biyu bai koma gida ba. Yana so a gaya masa wa ya fara irin wannan yawo, kuma wane irin guzuri ake yi masa. Ya ce shi ma abin yana ransa, har yana tunanin ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu bayan kaka ya kama hanya.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Su waɗannan masu goyon jaka da ka gani, yayinsu ya fi ƙarfi ne a shekarun 1960 da na 1970, lokacin da samarin Turai suka riƙa bi ta Turkiyya da Iran da Afganistan a motocin haya har su dangana da Indiya. Wannan hanya ta toshe a 1979 saboda juyin juya halin Iran da yaƙin Afganistan. Amma ba su suka fara ba. Tun da batun guzuri ka tambaya, bari mu ɗauko maka labarin wani ɗan Afirka da ya riga su da shekara fiye da 600, wato Ibn Batuta.

An haife shi a birnin Tanja na ƙasar Maroko a 1304, a gidan malamai da alƙalai masu bin mazhabar Malikiyya. Ya bar gida cikin watan Yuni na 1325, yana ɗan shekara 21, da niyyar aikin Hajji kawai. Shi kaɗai ya fita, ba ayari, ba abokin tafiya, uwa da uba suna raye. Masana sun ƙiyasta cewa kafin ya ajiye sandarsa a 1354 ya ci tafiyar da ta kai wajen kilomita 120,000.

Darasin farko bai daɗe ba ya same shi. Yana isa garin Bijaya, a ƙasar Aljeriya ta yanzu, sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Wani malami da suka haɗu a hanya ya ce ya tsaya ya warke, ya ƙi. Sai mutumin ya ce to in ya nace, ya sayar da dabbarsa da duk kayan da ke da nauyi, shi zai ara masa abin hawa da tanti, don su yi sauri saboda 'yan fashi. Haka aka yi. Ka ga ke nan tun kafin ya yi nisa, rabin abin da ya ɗauko daga gida ya zama kaya a kansa. A gaba kuma, a Kusantina, ruwan sama ya jiƙa su sharkaf. Hakimin garin ya ga tufafinsa sun yi dauɗa, ya sa aka wanke, ya ba shi sabon mayafi da dinari biyu na zinariya ƙulle a gefensa. Wannan ce sadakar farko da ya karɓa a tafiyar. Zazzaɓin ya sake dawowa, har sai da ya ɗaure kansa a jikin sirdi da rawaninsa don kada ya faɗo. Da suka shiga Tunis mutane suka fito tarbar 'yan'uwansu, shi ko mai ce masa sannu babu. Da bakinsa ya faɗa cewa kuka ya yi a wurin. Wannan kewar gida, Malam, babu jakar da ke ɗaukar maganinta.

Amma a Tunis ɗin ne guzurinsa na gaskiya ya bayyana. Ya zauna kamar wata biyu a wata makaranta, da ayarin alhazai zai tashi sai suka naɗa shi alƙalinsu. Yaro ɗan shekara 21 fa. Abin da ya karanta na fiƙihu a gida shi ya zame masa jari, kuma shi ya ci gaba da ciyar da shi har ƙarshen tafiyar. Da ya je Dimashƙa a 1326 bai zauna haka nan ba, ya bi malamai yana karɓar ijaza, wato takardar shaidar karatu. Duk garin da ya sauka, ita ce ke buɗe masa ƙofar alƙali da ta sarki.

Kada kuma ka ɗauka a zamanin nan ba a tambayar takarda. A wani zango da ake kira Katiya, tsakanin Masar da Sham, ba mai wucewa sai da takardar izini, kuma ana binciken kayan fatake a karɓi haraji. Fasfo da biza na yau jikokin wannan ne. Haka nan hanya takan toshe ba shiri. Ya bi kogin Nilu ya tsallaka hamada har bakin Bahar Maliya don ya hau jirgi zuwa Jidda, ya tarar ana rikici an lalata jiragen, dole ya juyo Alƙahira ya sake hanya ta Sham. Sai ƙarshen 1326 ya sami yin Hajjinsa na farko.

To ina yake kwana, me yake ci? A lokacin, daga Maroko har Indiya akwai zawiyoyi da makarantu da gidajen baƙi waɗanda masu hali suka yi waƙafinsu don matafiya. A ƙasar Turkiyya ya tarar da ƙungiyoyin samari masu sana'a, da rana su yi aiki, da yamma su haɗa kuɗi su ciyar da baƙo, har akan yi rigima tsakanin ƙungiya biyu kan wa zai sauke shi. Kai da ke kasuwa ka san darajar mai masauki, ka san baƙon da ba shi da fatoma a gari yadda yake wahala. To shi haka ya yi ta tafiya, wannan mai masauki ya miƙa shi ga wancan. Ya kuma koyi cewa kowace ƙasa da shirinta. A ƙasar Rasha ta yanzu, cikin hunturu, riguna uku na fata ya riƙa sawa a jere, har ba ya iya hawa doki sai an ɗora shi.

Ya isa bakin Indiya a 1333. A nan akwai abin da ya kamata ɗan kasuwa ya saurara da kyau. Al'adar Sarkin Dalhi, Muhammadu ɗan Tuglak, ita ce duk baƙon da ya kawo masa gaisuwa sai ya mayar masa da ninkinta. Saboda haka 'yan kasuwa suka mai da abin sana'a: su ba baƙo bashin dawaki da raƙuma ya kai wa sarki, in an yi masa tukuici ya biya su da riba. Ibn Batuta ya ci wannan bashi. Sarki ya naɗa shi alƙali a Dalhi da albashin dinari 12,000 a shekara, amma saboda facaka sai da bashin da ke kansa ya kai dinari 55,000, masu bin sa suka tsare shi a ƙofar fada, sai da ya yi ta roƙo kafin sarki ya biya masa. A ganinmu nan ne malamin ya fi yin wauta a duk tafiyarsa.

Dukiyar ma ba ta zauna ba. A 1341 sarki ya tura shi jakada zuwa ƙasar Sin da kyaututtuka masu ɗimbin yawa. Ba su yi nisa da Dalhi ba 'yan tawaye suka kama shi suka kwashe abin da ke jikinsa, ya yi kwanaki yana gararamba a daji. Da aka kai tashar jiragen ruwa ta Kalikut, ya tsaya a gari don sallar Juma'a, sai guguwa ta taso ta farfasa jirgin da ke ɗauke da kyautar sarki, ƙaramin jirgin da kayansa ke ciki kuma ya yi gaba ya bar shi. Abin da ya rage masa a duniya dinari goma ne da shimfiɗar da yake kwana a kai. Bayan 'yan shekaru kuma 'yan fashin teku suka sake tare shi, suka bar shi daga shi sai wando, har da rubuce-rubucen da ya tara suka tafi. Sau uku ke nan ana mai da shi fanko. Kowane karo kuma abin da ke cikin kansa ne ya tashe shi: a tsibiran Maldif, yana sauka ba da daɗewa ba aka sake ba shi alƙalanci.

Af, kafin mu wuce Maldif. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi, daga tekun waɗannan tsibirai ake kwaso shi. Ibn Batuta ya ga ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya a can, daga baya ya zo ya tarar a Mali da Gawo wuri 1,150 ne dinari ɗaya. Sai ka lissafa ribar da ke tsakani, da wahalar da ke tsakani.

Ya ce ya kai har ƙasar Sin, inda ya ga ana ciniki da kuɗin takarda, ko da yake masana tarihi da dama suna shakkar wasu sassan labarinsa na can, musamman zuwansa babban birnin ƙasar.

Yanzu ga ɓangaren da masu sha'awar yawo ba su cika son ji ba. Da ya juyo gida ya iso Dimashƙa a 1348, shekarar babbar annoba, sai aka gaya masa ɗan da aka haifa masa a garin bayan tafiyarsa ya rasu shekara 12 da suka wuce, bai taɓa sa shi a ido ba. Aka kuma gaya masa mahaifinsa ya rasu tun shekara 15 baya. Ya shiga Maroko a 1349, ya tarar annoba ta ɗauke mahaifiyarsa kafin isowarsa. Matan da ya aura a garuruwa daban-daban kuwa, yawancinsu saki ne ya raba su ranar da zai tashi. Kai da ka ce za ka sayar da shanun huɗa, sai ka fara tambayar kanka wa zai yi wa gidanka noma a daminar da ba ka nan, kuma in ka dawo da me za ka kama. Shi dai Ibn Batuta ba gona ya bari ba, kuma sana'arsa tana bin sa duk inda ya sa ƙafa.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta fi kusa da mu, kuma a ita ce ya nuna ya zama tsohon hannu. Da zai tsallaka Sahara, sai da ya zauna wata huɗu a Sijilmasa yana kiwata raƙuman da ya saya. Suka tashi cikin Fabrairu 1352, bayan kwana 25 suka isa Tagaza, garin da gidaje da masallaci duk da gishiri aka gina su. Daga nan sai tafiyar kwanaki ba rijiya. Wani mutum a ayarinsu ya yi faɗa da ɗan'uwansa ya ja da baya, ya ɓace, ba a sake ganinsa da rai ba. Tun daga ranar Ibn Batuta bai ƙara wuce ayari ko ya bari a bar shi a baya ba. Suka kuma biya wani mutum miskali 100 na zinariya don ya riga su zuwa Walata ya sa a tarye su da ruwa tafiyar kwana huɗu daga gari. In wannan ɗan aike ya ɓace a hanya, ayari duka ya halaka.

Daga Walata zuwa babban birnin Mali kuwa, ko ayari bai nema ba saboda zaman lafiyar ƙasar. Bai ɗauki abinci ba, bai ɗauki zinariya ba. 'Yan guntayen gishiri ya riƙe, da duwatsun ado, da kayan ƙamshi irin su kanumfari. Duk ƙauyen da ya sauka mata za su fito da gero da nono da kaji da shinkafa, a yi musaya. Abu mara nauyi da ake nema a inda za ka, ya fi buhun da za ka ɗauko daga gida. Sai dai ciki bai san tsohon matafiyi ba: kwana goma da isarsa suka ci wani fate da aka yi da saiwa mai kama da gwaza, su shida duk suka kwanta, ɗaya ya mutu, shi kuma ya yi wata biyu yana jinya. Sarkin Mali na lokacin, Mansa Sulaimanu, ya aiko masa da gurasa uku da soyayyen nama da ƙwaryar nono a matsayin tarbar baƙo. Mutumin da ya saba da kyautar Dalhi sai ya kwashe da dariya, abin da mu dai muke ganin rashin ta ido ne.

Ya bi ta Tumbutu da Gawo har Takadda, wadda masana ke cewa kangonta yana Azelik, wajen Ingal a jihar Agadas ta Nijar. A can ya ga ana narka jan ƙarfe ana yin 'yan sanduna ana sayen nama da gero da su, ana kuma kai shi Gobir da Barno. Wannan na cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci sunan Gobir. A Takadda manzon Sarkin Maroko, Abu Inan, ya iske shi da umarnin ya koma. Ya tashi cikin Satumba 1353, ya isa Fas a farkon 1354. Sarki ya haɗa shi da wani marubuci, Ibn Juzayyi, ya riƙa faɗa ana rubutawa, aka gama littafin da aka fi sani da Rihla a 1355. Ya ƙarasa rayuwarsa yana alƙalanci a Maroko, ya rasu wajen 1369.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. In ka tsai da shawara kan shanun, ka sake rubuto mana mu ji.