Hotunan da Suka Tsaya wa Balbela

Duk sanda na ga balbela a fadama, Arthur Mattingley nake tunawa. A 1906 ya kutsa wani dausayi kusa da Mathoura a Ostireliya, ɗauke da kyamara. Maharba sun riga shi. Sun kashe iyayen balbelun wurin don gashinsu, wanda matan Turai ke ƙawata huluna da shi, suka bar 'ya'yan cikin sheƙa, baki buɗe, yunwa na cin su. Haka ya ɗauke su hoto.

Hotunan nan sun fi dubun huɗubobi, a ganina. A 1911 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta sa aka yi ta yawo da su a titunan Landan. Sai 1921 majalisar Birtaniya ta hana shigo da gashin.