Zafin Bazara da Ambaliyar Damina: Yadda Za Ka Kare Ranka a Gona

Ɗan'uwa manomi, lokuta biyu sun fi hatsari a shekararka: sharar gona a tsakiyar bazara, da kuma Agusta zuwa Satumba, sa'ad da koguna ke cika su batse. A duka biyun, sau da yawa magana ɗaya ce ke jawo asarar rai: "bari in ƙarasa" ko "bari in tsallaka".

Idan rana ta take

A watan Afrilu, zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Ka yi sammako, ka tashi daga aiki kafin rana ta take, sai la'asar ka koma. Kada ka jira ƙishirwa kafin ka sha ruwa. Ka riƙa duba fitsarinka, in ya yi ja kuma ya ragu, jikinka na neman ruwa ke nan. In gumi ya yi yawa, ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Jiri, ciwon kai da tashin zuciya gargaɗi ne, ka nemi inuwa nan take. Amma in abokin aikinka ya fara sambatu ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, to abin ya wuce gajiya. A kwantar da shi a inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya asibiti. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa.

Kafin ruwa ya zo

Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle da dare, ruwa ya mamaye Maiduguri. Wato ko sama ba hadari, ruwa na iya iso maka daga madatsa ko daga saman kogi. Don haka in gonarka ko gidanka na fadama ko bakin kogi, ka riƙa sauraron hasashen NiMet da gargaɗin NIHSA a rediyo.

Tun da wuri ka kai iri da hatsi kan tudu. Taki da maganin feshi a ɗora su sama, don in ruwa ya kwashe su, rijiya za su gurɓata. In ruwa ya taso, ka kwance dabbobi daga turke. Dabbar da ke ɗaure ba ta da hanyar tsira.

Idan ruwa ya iso

Ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana kayar da babban mutum, balle yaro. Kada ka ratsa shi da ƙafa ko babur ko amalanke, domin ba ka ganin ramin da ya haƙa a ƙasa. Kada ka shiga kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da kima. Ɗakin ƙasa kuwa, in katangarsa ta sha ruwa ta fara tsagewa, a fitar da iyali, kada a kwana ciki.

Bayan ya janye

Ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga yana kawo kwalara. A tafasa shi ko a sa maganin tsabtace ruwa kafin a sha. Macizai ma kan gudo tudu su laɓe a rumbu da tarin kara, saboda haka ka sa takalmin roba, ka riƙe tocila da dare. In an yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri, sai asibiti.

Gonar da ruwa ya ci, danshin da ya bari kan yi amfani a noman rani. In da rai, da rabo.