Daga Sakiya Zuwa Taron Bita

Kakana wanzami ne a Birnin Yauri, kuma rabin aikinsa a ƙafa yake. Ranar kasuwa zai shimfiɗa tabarma ya buɗe zabira: mai faso a shafa masa man kaɗanya, mai ƙaya a cire masa da tsinin aska, mai kumburi a yi masa sakiya. Babban abokin gabarsa shi ne kurkunu.

Wannan tsutsa sai ta yi kusan shekara a jiki kafin ta ɓullo, galibi a idon sawu, tsawonta kan kai mita guda. Da damina take kwantar da manomi, daidai lokacin da gona ke nemansa. Kaka yakan naɗe ta a tsinke, kullum kaɗan, har makonni, don in ta tsinke ƙafar ta shiga uku. Ya lura cewa Sarkawa masu shan ruwan kogi ba su cika zuwa ba, sai mutanen tudu daga wajen Shanga da Ngaski masu shan kududdufi. Ya gane inda cutar take zaune, bai dai ga ƙwarin cikin ruwan da ke ɗauke da ita ba.

Ni aka nuna wa ƙwarin. Bayan ƙidayar 1988 ta gano masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya, aka ɗebi irinmu daga ƙauyuka aka koya mana aiki, tare da tallafin Cibiyar Carter. Ba sau ɗaya ba: a kira bita, a gyara mana hannu, a sake kira. Muka koyi wanke miki da ɗaure shi, da raba ƙyallen tace ruwa, da hana mai tsutsa taka tafki. Tsinken kaka kuwa ba a jefar ba, dabararsa muka ci gaba da yi, sai dai da tsafta. An ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi.

Yanzu ciwon suga ne ke cin ƙafa. Jijiya ta mutu, mutum ya taka ƙusa bai ji ba, sai gyambo. Makon jiya wani dattijo ya ce min, "Ɗana, yi min sakiya irin ta kakanka." Na ce, "Baba, wannan ƙafar ba ta son aska." Na sa jikansa ya kai shi asibiti a Yelwa, ni kuma na rubuta sunana a bitar da ke tafe.