Dillancin beli a Amurka

Dillancin beli sana'a ce da mutum ko kamfani ke tsaya wa wanda ake tuhuma a gaban kotu, a biya shi lada. Sana'ar ta fi kafuwa a Amurka da Filifins. A ƙasashe da dama, ciki har da Ingila, doka ta hana a biya mutum don ya tsaya wa wani beli.

Yadda tsarin yake aiki

Bayan an kama mutum, alƙali kan yanke kuɗin beli gwargwadon girman laifin da kuma yiwuwar ya tsere. Wanda ya ajiye kuɗin gaba ɗaya a kotu, ana mayar masa da su idan ya halarci duk zaman shari'ar. Wanda ba shi da hali kuwa, shi ko danginsa kan nemi dillali.

Dillalin yakan karɓi lada, galibi kashi 10 cikin 100, sannan ya ba kotu takardar lamuni cewa zai biya cikakken kuɗin idan mutumin bai bayyana ba. Idan beli dala 10,000 ne, ladan kan kama dala 1,000. Wannan lada ba ya dawowa, ko da an wanke mutumin ko an janye ƙarar. Sau da yawa dillali kan nemi jingina, kamar takardun gida ko mota, da kuma wani ɗan'uwa da zai sa hannu.

Idan wanda ake tuhuma ya ƙi zuwa kotu, alƙali kan ba da umarnin kama shi, a kuma ba dillalin wa'adi ya kawo shi ko ya biya. A nan ne wasu dillalai ke ɗaukar hayar masu farautar waɗanda suka tsere. Idan ba a same shi ba, bashin kan koma kan wanda ya sa hannu, har ya iya rasa abin da ya jinginar.

Tarihi da doka

Gyara na 8 na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana yanke beli mai tsanani. Ana danganta farkon sana'ar da 'yan'uwa biyu, Peter da Thomas McDonough, a birnin San Francisco a ƙarshen ƙarni na 19. Kowace jiha tana da dokarta. Jihohin Kentucky da Oregon da Wisconsin sun haramta dillancin, Illinois kuma ta soke belin kuɗi gaba ɗaya a watan Satumban 2023.

Zaɓen dillali

A yawancin jihohi, hukumar kula da inshora ce ke ba dillalai lasisi, kuma ana iya tantance lasisin a wurinta. Lauyoyi kan shawarci iyali su nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace ladan, ƙarin caji, da ranar da za a mayar da jingina, su kuma karɓi rasit a kan duk abin da suka biya. Inda doka ta ƙayyade ladan, rangwame mai yawa abin tuhuma ne. Tuntuɓar lauya tun da farko kan taimaka, domin alƙali na iya rage kuɗin ko ya saki mutum bisa alkawarin zai dawo.

Suka

Masu suka na cewa tsarin yana danne talaka: mai kuɗi ya ajiye ya karɓi abinsa, marar shi kuwa ya yi asarar lada ko ya zauna a tsare kafin a tabbatar masa da laifi. Dillalan kuma na cewa su ne ke sa mutane halartar kotu ba tare da gwamnati ta kashe kuɗin jama'a ba.