Asibitin da Ya Gaji Masana'antun Ƙarfe a Pittsburgh

Gini mafi tsawo a birnin Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania ta Amurka bene ne mai hawa 64, wanda kamfanin U.S. Steel ya gina don duniya ta shaida cewa nan ne gidan ƙarfe. A shekarar 2008 aka kafa wasu manyan haruffa huɗu a ƙololuwarsa: UPMC, wato sunan Cibiyar Kiwon Lafiya ta Jami'ar Pittsburgh a taƙaice. Kamfanin ƙarfen bai bar ginin ba, amma sunan da ake hangowa daga nesa na asibiti ne. Haruffan sun tabbatar da abin da mutanen garin suka daɗe suna gani a gidajensu. A da uba ne ke sammako ya tafi narka ƙarfe, yanzu kuwa 'yarsa ce ke sa kayan aiki ta tafi jinyar marasa lafiya.

UPMC a yau tana da asibitoci kusan 40 da ma'aikata wajen 100,000, kuma in aka cire gwamnati babu mai ɗaukar ma'aikata kamarta a duk faɗin Pennsylvania. Kuɗin da ke shigo mata a shekara ya haura dala biliyan 25. Amma asalinta ƙarami ne ƙwarai.

A 1893 wata mata mai suna Louise Lyle, matar wani limamin coci, ta buɗe ɗan asibiti a wani gida da ke arewacin kogin Allegheny, aka sa masa suna Presbyterian. Makarantar koyon likitanci kuwa ta riga shi, domin tun 1886 wasu likitocin garin suka kafa ta, daga baya ta shige ƙarƙashin jami'a. A ƙarshen shekarun 1930 asibitin ya tare a unguwar Oakland, kusa da jami'ar, inda asibitin yara da asibitin mata na Magee da na ido da kunne suka zama maƙwabtansa. Ɗalibai na zagayawa daga wannan zuwa wancan suna koyon aiki, amma kowane asibiti da hukumarsa da asusunsa, kuma babu mai jin maganar wani.

Ko a wancan zamanin Oakland ta yi abin da duniya ba za ta manta ba. A nan ne Jonas Salk, wanda ya zo jami'ar a 1947, ya haɗa allurar rigakafin shan-inna, aka kuma shelanta ingancinta ranar 12 ga Afrilun 1955. Ɗigon da aka saba sa wa yara a baki a ƙasar Hausa na Albert Sabin ne, ya zo daga baya, amma ƙofar yaƙi da cutar a Pittsburgh aka fara buɗe ta. Sai dai shaharar mutum ɗaya ba ta gina cibiya. Salk ya tafi California, makarantar ta ci gaba da zama matsakaiciya a cikin takwarorinta.

Wanda ya sauya lissafin likitan ƙwaƙwalwa ne, Thomas Detre, haifaffen ƙasar Hungary, wanda 'yan Nazi suka hallaka danginsa a Auschwitz. Ya karanta likitanci a birnin Rum, ya yi aiki a Jami'ar Yale, sannan a 1973 ya karɓi jagorancin asibitin masu taɓin hankali na Western Psychiatric da ke hannun Jami'ar Pittsburgh. Cikin waɗanda suka biyo shi akwai wani matashin ma'aikacin gudanarwa, Jeffrey Romoff. Waɗannan biyun ne suka riƙe akalar wurin kusan rabin ƙarni, ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar Detre ba ta da sarƙaƙiya, sai dai tana son haƙuri. Asibiti ya gyara yadda yake karɓar kuɗin aikinsa don a samu rara. Rarar nan a ɗauko ƙwararrun masu bincike da ita daga wasu jami'o'i, a gina musu ɗakunan gwaji. Su kuma su nemo tallafin bincike daga hukumar NIH ta gwamnatin tarayya. Tallafin ya ɗaga sunan asibitin, suna ya jawo marasa lafiya da ƙarin ƙwararru, rara ta sake ƙaruwa. Cikin 'yan shekaru Western Psychiatric ya shiga sahun gaba a Amurka wajen samun kuɗin binciken cututtukan ƙwaƙwalwa. A 1984 jami'a ta ɗora Detre kan dukkan makarantunta na kiwon lafiya, ta ce ya yi wa sauran abin da ya yi wa nasa sashen.

Kafin nan wani babban baƙo ya riga ya sauka. Thomas Starzl, wanda ya fara gwada dashen hanta a jikin ɗan Adam a Denver a 1963, ya kuma yi nasarar farko a 1967, ya koma Pittsburgh a 1981. Ya zo a kan gaɓa, lokacin da maganin cyclosporine ya fara hana garkuwar jiki ƙin karɓar sabuwar gaɓar da aka dasa. Aikin da a da ake yi wa kallon kasada sai ya zama magani na haƙiƙa. A 1984 tawagarsa ta dasa wa wata yarinya 'yar shekara shida zuciya da hanta a tiyata guda, abin da ba a taɓa yi ba. A ƙarshen shekarun 1980 kuma a nan aka gwada maganin tacrolimus, wanda har yau shi ne ginshiƙin kula da waɗanda aka yi wa dashe. Gwamnan jihar ma, Robert Casey, a nan aka dasa masa zuciya da hanta a 1993.

Marasa lafiya suka yi ta kwararowa daga jihohi da ƙasashe. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibiti ya san wahalar mai jinya: kwana kan benci, cin abin da ya samu, jiran likita har gari ya waye. Haka aka riƙa gani a Oakland, har a 1983 wasu mutanen gari da likitoci suka buɗe masauki mai rahusa da suka kira Family House don iyalan da suka zo daga nesa. Otal-otal da gidajen abinci da masu ba da hayar ɗakuna duk suka samu kasuwa.

Abin lura shi ne lokacin da duk wannan ke faruwa. Shekarun da Starzl ke dashe su ne shekarun da ƙarfe ke mutuwa. A farkon 1983 rashin aikin yi a yankin ya haura kashi 17 cikin ɗari. Katafariyar masana'antar Homestead ta rufe a 1986. Birnin da ke da mutum sama da 670,000 a 1950 ya dawo 300,000 da 'yan kai a ƙidayar 2020. Matasa suka watse neman abinci, aka bar tsofaffi.

Masanin tarihi Gabriel Winant, a littafinsa The Next Shift na 2021, ya nuna cewa faɗuwar ƙarfe da tashin asibiti ba haɗuwar sa'a ba ce, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ƙarfe ta daɗe da ƙwato wa 'ya'yanta inshorar lafiya mai kyau, sannan a 1965 gwamnati ta kawo shirin Medicare mai biya wa tsofaffi kuɗin asibiti. Da masana'antu suka rufe, sai ga yanki cike da dattawan da ƙura da zafi da aikin ƙarfi suka cinye wa jiki, ga kuma mai biya musu kuɗin magani. Gumin maƙeran jiya ne ya zama jarin asibitocin yau. Masu yi musu jinya kuwa galibi mata ne, da yawansu baƙaƙen fata, kan albashin da bai kama ƙafar na masana'anta ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 Detre da Romoff suka fara tattara asibitocin Oakland a inuwa ɗaya. A 1990 asibitin Montefiore ya shigo, aka raɗa wa haɗakar suna UPMC, Romoff ya zama shugabanta a 1992. Sai saye da haɗewa suka biyo baya ba ƙaƙƙautawa: Braddock a 1996, Shadyside da St. Margaret da Passavant a 1997, asibitin yara a 2001, Mercy na 'yan Katolika a 2008. Daga nan aka tsallaka wajen gari zuwa Erie da Altoona da Williamsport da Harrisburg, har cikin jihohin New York da Maryland. A tsibirin Sicily na Italiya ta haɗa hannu da gwamnatin yankin suka kafa cibiyar dashe ta ISMETT a Palermo, wadda ta rage wa mutanen tsibirin doguwar tafiyar neman hanta ko ƙoda. A Ireland ma tana da asibitoci.

Ƙananan asibitocin da suka shigo ba don sha'awa suka yi ba. Asibitin ƙaramin gari ba zai iya sayen injinan zamani shi kaɗai ba, ba zai iya riƙe ƙwararren likitan zuciya ba, kuma ba shi da ƙarfin ciniki in ya zauna da kamfanin inshora. Sun kuma ga abin da ya samu babbar kishiyar UPMC, wato rukunin AHERF mai asibitin Allegheny General, wanda ya karye a 1998 da bashin sama da dala biliyan ɗaya. Shiga inuwar babba ta fi rufe ƙofa.

Mataki mafi tasiri da UPMC ta ɗauka shi ne buɗe nata kamfanin inshorar lafiya a ƙarshen shekarun 1990, wanda yanzu ke da mutum sama da miliyan 4. Da wannan UPMC ta zama mai yin magani kuma mai biyan kuɗinsa, ta shiga gonar Highmark, babban kamfanin inshorar yankin. Highmark ya rama a 2011 da shelar zai sayi rukunin asibitocin West Penn Allegheny. UPMC ta ce tunda abin ya koma kishi, ba za ta sabunta yarjejeniyar karɓar masu katin Highmark ba. Shekara takwas aka yi ana wannan ja-in-ja, kuma marasa lafiya ne suka sha wuyarta. Mai fama da ciwon daji da ya saba da likitansa bai san ko baɗi zai iya ganinsa ba, don kawai katin da wurin aikinsa ya ba shi. Sai da babban lauyan jihar na lokacin, Josh Shapiro, ya kai ƙara kotu, sannan a watan Yunin 2019, kwanaki kaɗan kafin tsohuwar yarjejeniya ta ƙare, ɓangarorin biyu suka sa hannu kan ta shekara goma.

Alherin da garin ya samu ba ɓoyayye ba ne. Jami'ar Pittsburgh ta daɗe tana cikin goman farko wajen samun tallafin NIH, kuma kuɗin nan albashi ne na dubban masu bincike da ma'aikatan ɗakin gwaji. Cibiyar ciwon daji ta Hillman ta buɗe a 2002. Sabon asibitin yara da aka buɗe a 2009 ya taimaka wajen farfaɗo da unguwar Lawrenceville. A 2007 UPMC ta yi alƙawarin dala miliyan 100 ga shirin Pittsburgh Promise, mai tallafa wa 'ya'yan makarantun gwamnati na birnin su shiga jami'a. Lokacin da shugabannin ƙasashen G20 suka taru a Pittsburgh a 2009, an nuna musu garin a matsayin misalin wanda ya tashi bayan faɗuwa.

Amma 'yan watanni bayan taron, a ƙarshen Janairun 2010, UPMC ta rufe asibitin Braddock. Garin nan ne attajiri Andrew Carnegie ya buɗe masana'antar ƙarfe a 1875, ya taɓa ɗaukar mutum 20,000, ya dawo wajen 2,000, galibinsu talakawa baƙaƙen fata. Asibitin shi ne babban wurin aikin da ya rage musu. Hukumar UPMC ta ce asara yake jawowa, mutane kuma sun rage zuwa. Mazauna garin da magajin garinsu John Fetterman suka yi ta kuka, ba a saurare su ba, aka rushe ginin. A 2012 sai ga sabon asibitin UPMC a Monroeville, unguwar masu hali da ba ta da nisa. Ko da lissafin asarar gaskiya ne, cibiyar da aka yafe wa haraji don tana aikin jinƙai ba ta da hujjar auna Braddock da ma'aunin ɗan kasuwa.

Maganar harajin nan ita ce ta ƙi mutuwa. UPMC na cikin manyan masu filaye da gine-gine a yankin, kuma mafi yawansu ba a biya musu harajin kadara, alhali Romoff ya karɓi sama da dala miliyan 6 a wasu shekarun. A 2013 magajin gari Luke Ravenstahl ya kai ƙara yana neman a soke mata matsayin ƙungiyar agaji. Lauyoyinta suka ce uwar kamfanin ba ta da ma'aikaci ko ɗaya, duk na rassanta ne. Bill Peduto da ya gaje shi ya janye ƙarar a 2014 da fatan a sasanta a teburi. Masu shara da masu dafa abinci da masu tura gadon marasa lafiya kuma sun shafe shekaru suna neman kafa ƙungiyar ƙwadago, matsin da ya taimaka har UPMC ta yi alƙawari a 2016 cewa mafi ƙarancin albashinta zai kai dala 15 a awa.

Romoff ya sauka a 2021, Leslie Davis ta gaje shi. A 2023 magajin gari Ed Gainey ya ba da umarnin a sake bin kadarorin da aka yafe wa haraji ɗaya bayan ɗaya, a tantance wanda aikin agaji ake yi a cikinsa da wanda kasuwanci ne. A 2024 UPMC ta sallami ma'aikata wajen 1,000 saboda matsin kuɗi, a shekarar kuma ta haɗe da rukunin asibitocin garin Washington da ke kudu da Pittsburgh.